Marayun Dawa da Ranar Sallamarsu

Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta sauka. Ɗan da za ta haifa yakan kai kilo 100, amma duk girman nan nasa ba ya rayuwa in babu nono sai ya haura shekara biyu. Idan uwar ta faɗi, ko da harsashin mai neman haure, ko da kibiya mai dafi, ko da yunwar fari, sauran matan garken za su kewaye shi suna lallashi, sai dai da wuya a samu wadda za ta shayar da shi, domin mai nono tana da nata ɗan. Cikin 'yan kwanaki ƙarfinsa zai ƙare, garke ya wuce, zaki ko kura su ƙarasa aikin. Mutumin kirkin da ya tsince shi kuwa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya nemo nonon saniya ya ɗura masa, kuma wannan tausayin ne zai kashe shi, saboda cikin ɗan giwa ba ya jure kitsen nonon saniya. Gudawa za ta kama shi, ya rame, ya mutu. Tun daga nan za a gane cewa renon marayan dabbar dawa sana'a ce mai ilimi, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Ra'ayina shi ne sana'ar ta cancanci kuɗin da ake kashe mata, bisa sharaɗi guda: a riƙa auna cibiyar ceto da yawan dabbobin da ta sallama suka koma daji, da yawan iyayen da ta hana a kashe. Yawan waɗanda take tsare da su a keji ba abin alfahari ba ne.

Wurin da ya fi ko'ina shahara a wannan aiki yana gefen birnin Nairobi na ƙasar Kenya, a cikin gandun dajin da ke maƙwabtaka da birnin. Daphne Sheldrick ce ta kafa gidauniyar da ke tafiyar da shi a 1977, shekarar da mijinta David ya rasu. Shi ne shugaban farko na gandun dajin Tsavo ta Gabas tun 1948, kuma a gidansu ake sauke duk wani marayan dabba da ma'aikata suka tsinto. Ta yi shekaru masu yawa tana gwada haɗin madara, jariran giwa suna mutuwa a hannunta ɗaya bayan ɗaya, kafin ta gano cewa man kwakwa ne kitsen da cikinsu yake karɓa idan an haɗa shi da madarar jarirai ta gwangwani. Yau idan aka kawo maraya, galibi a jirgin sama daga inda aka same shi, ana sa shi a ɗaki mai shimfiɗar ciyawa, mai reno ya kwana tare da shi a kan wani ɗan gado da aka ɗaga sama. Bayan kowace awa uku, dare da rana, zai sauko ya ba shi bulumboti. Ana lulluɓa masa bargo da asuba saboda sanyi yana saurin kama ƙirjinsa, da rana kuma a shafa masa maganin rana a kunnuwa ko a riƙe masa laima, domin a daji a ƙarƙashin cikin uwarsa yake fakewa. Wanda ya ƙi karɓar madara, sai a rataye babban bargo a gabansa ya jingina hancinsa a jiki kamar yadda zai jingina a jikin uwa, mai reno ya zuro bulumbotin ta bayan bargon. Duk da wannan hidima, lokacin fitar haƙoran farko yakan kwashe wasu, kuma waɗanda suka ga kisan uwarsu da idonsu sukan yi makonni suna firgita cikin barci.

Darasin da ya fi tsada a tarihin gidan bai shafi madara ba. A 1974 Daphne ta samu nasarar riƙe wata jaririyar giwa mai suna Aisha na tsawon watanni, abin da ba ta taɓa samu ba a baya. Ta yi tafiya don bikin 'yarta, ta bar ta hannun wani mai kula. Jaririyar ta daina cin abinci, kuma ta mutu jim kaɗan bayan dawowarta. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: masu reno suna karɓa-karɓa, ba a barin mutum ɗaya ya kwana da maraya ɗaya kullum, don kada ya ɗauke shi uwa. Mai kallo daga waje zai ga kamar rashin tausayi ne a hana maraya shaƙuwa da wanda yake so. A ganina wannan ƙa'ida ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, domin tun daren farko ana renon dabbar ne da shirin rabuwa da ita. Cibiyar da ma'aikatanta suke alfahari da cewa dabba ba ta cin abinci sai daga hannun wane ta riga ta kauce hanya, ko da dabbar ta yi ƙiba.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya nuna illar ceton da aka tsaya a kan ciyarwa. A shekarun 1980, lokacin da ake rage yawan giwaye a gandun dajin Kruger ta hanyar harbe manya, an riƙa kwashe 'ya'yan ana kai su gandun Pilanesberg, inda babu babban toro ko ɗaya. Sun rayu, sun girma. Da mazan suka fara tasawa sai suka shiga zafin balaga tun kafin lokacinsa, suka koma farautar karkanda. Tsakanin 1992 da 1997 sun kashe fararen karkanda sama da 40, dabbar da ita ma ake fafutukar ceto. Maganin da ya yi aiki shi ne kawo manyan toron giwa shida daga Kruger a 1998. Zamansu kawai a dajin ya kwantar da samarin, kisan ya tsaya. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai in ya ga gudun. Giwa tana koyon inda ruwa yake a shekarar fari, da ganyen da ake ci da wanda ake gudu, da yadda ake gaida na gaba, daga uwar garke mai shekara 50 ko 60. Ɗan Adam, komai ƙwarewarsa, ba shi da wannan karatun da zai ba ta.

Shi ya sa rabin aikin Sheldrick mafi muhimmanci ba a Nairobi ake yin sa ba, inda baƙi suke zuwa na awa guda su kalli jarirai suna wanka a taɓo. Idan maraya ya kai kimanin shekara uku sai a ɗauke shi a babbar mota zuwa ɗaya daga cikin sansanonin Voi, Ithumba ko Umani a yankin Tsavo. Can yake fita kiwo da safe tare da 'yan'uwansa marayu, masu reno suna biye a ƙasa, su haɗu da giwayen daji a bakin ruwa, da yamma su dawo shinge. A hankali a rage madara. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai bi wani garke ya kwana a waje, ya dawo, ya sake tafiya ya yi mako, har ya daina dawowa. Ba a korarsa kuma ba a riƙe shi. Abin yakan ɗauki shekaru, wani lokaci kusan goma. Gidauniyar ta raini marayu sama da 300, kuma an ƙirga 'ya'ya sama da 50 da matan da aka rena suka haifa a daji, wasu ma sukan zo da jaririn bakin shingen da suka tashi. Mutane suna son wannan labari saboda yana taɓa zuciya. Ni abin da ya fi burge ni shi ne cewa jaririn na toron daji ne, ba a haife shi a hannun kowa ba, kuma ba ya buƙatar bulumboti.

Akwai suka mai ƙarfi daga masana kimiyyar namun daji kansu, kuma bai kamata a share ta ba. Babbar ƙidayar giwayen da aka yi daga jirgin sama a ƙasashe 18, wadda aka fitar a 2016, ta nuna cewa giwayen sarari sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014, wato kimanin 144,000 cikin shekara bakwai. A ɗora marayu 300 na shekara 40 da ɗoriya a gefen wannan adadi, sai a ga ko ɗigo ba su kai ba. Kenya tana da giwaye kimanin 167,000 a farkon shekarun 1970, suka faɗo ƙasa da 20,000 a 1989, kuma abin da ya dawo da su sama da 36,000 a ƙidayar 2021 shi ne haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989, da ma'aikatan gandun daji masu ɗauke da makamai, da filin da aka keɓe. Masu wannan suka suna cewa kuɗin madarar maraya ɗaya na shekaru zai biya albashin masu gadi da yawa, su kare garke guda. Lissafinsu daidai ne. Duk wanda ya ce gidan marayu ne ya ceci giwar Kenya ya faɗi abin da ba haka yake ba.

Inda lissafin ya yi tuntuɓe shi ne zaton cewa kuɗin yana ajiye a wani asusu, ana jiran a zaɓa masa hanya. Mutumin da ke Ingila ko Amurka da yake biyan dala 50 a shekara don ya zama uban riƙon wata 'yar giwa mai suna da hoto, da wuya ya biya wannan kuɗin don a sayi man motar sintiri. Fuskar maraya ce ta buɗe aljihunsa. Gidauniyar da ta san abin da take yi sai ta karkatar da wani kaso zuwa inda ya fi amfani, kuma haka Sheldrick take yi: tana ɗaukar nauyin tawagogin da ke kwance tarkon waya a Tsavo tare da hukumar namun daji ta Kenya, da jiragen sintiri, da motocin likitocin dabbobi masu zuwa su yi wa giwar da aka harba magani a inda take. Uwar da aka cire wa kibiya ta tashi, an rage maraya ɗaya ke nan. Don haka tambayar da ya dace a yi wa kowace cibiya ita ce nawa ne cikin kuɗin da hoton maraya ya jawo ya isa daji. Wadda ba ta da amsa, sukar masanan ta hau kanta.

Dalili na biyu na amfanin cibiyar ceto ya fi kusa da mu, kuma ya shafi doka. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016. Amma a yi tunanin jami'in kwastan ko na gandun daji da ya tare mota ya samu jaririn biri a kwali. Hauren giwa ana iya kulle shi a sito, kamar tan biyu da rabi da gwamnati ta niƙe a Abuja a watan Janairun 2024. Jaririn biri kuwa yana buƙatar madara a daren nan. In babu inda za a kai shi, jami'in zai kau da kai, ko a sasanta a bakin hanya. Wannan giɓi ne Peter Jenkins da Liza Gadsby suka toshe lokacin da suka buɗe cibiyar renon birin da ake kira diril a Kalaba a 1991, birin da ba a samunsa a duniya sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. Daga baya suka buɗe babban sansani a gindin dutsen Afi, inda ɗaruruwan birai suke zaune ƙungiya-ƙungiya a cikin kurmin da aka kewaye, kuma a 2000 gwamnatin jihar ta ayyana dutsen a matsayin wurin da aka haramta farauta. A 1993 suka haɗa hannu da gwamnatin Kamaru aka kafa cibiyar Limbe. Can aka kai wasu gwaggon birai biyu a 2003, waɗanda aka ƙwato a Kano. Can kuma aka mayar da wasu huɗu a 2007, waɗanda aka fitar zuwa Malesiya a 2002 da takardun da ke cewa wai a gidan zoo na Ibadan aka haife su. Hanyar ba ta rufe ba har yanzu: a watan Disambar 2024 an tsinci jaririn gwaggon biri ɗan wata biyar a cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul, an ɗauko shi daga Najeriya za a kai shi Tailan.

Dole a yarda cewa da yawa daga cikin irin waɗannan birai ba za su taɓa komawa daji ba. Wanda ya tashi a falon wani attajiri yana shan lemo, ya saba da mutane, ya kwashi cututtukansu, sakinsa haɗari ne gare shi da kuma 'yan'uwansa na daji, kuma birin cimfanzi yana iya kai shekara 50 a raye. An yi nasarar sakin wasu, kamar guda 12 da aka saki a 2008 a gandun dajin da ke saman kogin Neja a ƙasar Gini, amma irin wannan kaɗan ne. Hujjar riƙe sauran ita ce zamansu a cibiya shi ne ya sa aka iya ƙwace su daga hannun dillali. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya ƙiyasta cewa ana rasa manyan birai kusan 3,000 a kowace shekara ta dalilin wannan fatauci, kuma mafi yawansu ba waɗanda aka kama da rai ba ne, waɗanda aka kashe ne wajen ƙwato jaririn, tunda uwa ba ta sakin ɗanta tana numfashi.

Wannan ya kamata ya tsaya a ran duk wanda ya taɓa ganin ɗan biri ɗaure da sarƙa a kugu a bakin kasuwa, ko ɗan barewa a tasha, ko kurar masu wasa da takunkumi a baki, tausayi ya kama shi ya sa hannu a aljihu. Sayen dabbar don a cece ta shi ne mafi munin taimako, domin kuɗin saƙo ne zuwa ga maharbi cewa akwai kasuwa, ya koma ya kawo wata. Cibiyoyin kirki suna da ƙa'idar cewa ba sa biyan ko sisi a kan dabba. Addini ma ya riga mu zuwa nan. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da su. Umarnin mayarwa ne aka bayar, ba a ce a nema musu keji mai kyau ba.

Sukar da mai karatu a Kano ko Maraɗi zai fi saurin yi daban ce: ga yara marayu a sansanonin 'yan gudun hijira, ga asibitocin da ba magani, sannan a zo ana maganar bargon ɗan giwa? In dai kuɗin baitulmali ake magana, kuma zaɓi ne tsakanin yaro da dabba, babu mai hankalin da zai yi jinkiri. Sai dai abin da ya faru a Reteti, a yankin Samburu na arewacin Kenya, ya nuna cewa ba kullum zaɓin yake haka ba. Cibiyar, wadda aka buɗe a 2016, mallakar makiyayan yankin ce, su ne masu reno, har da mata. Da yawa daga marayunta 'ya'yan giwa ne da suka faɗa rijiyoyin da makiyaya ke haƙa wa dabbobinsu a busasshen rafi, kuma abin da ake fara yi shi ne a fito da ɗan a jira ko uwar za ta dawo, sai an fid da rai ake ɗauke shi. Lokacin annobar korona, da samun madarar gwangwani ya yi wuya, suka gwada nonon akuya, ya karɓi jariran. Yanzu ɗaruruwan matan makiyaya suna sayar wa cibiyar nono kowace safiya, kuɗin da a da yake tafiya kamfanonin waje yana shiga hannunsu. Matar da kuɗin makarantar ɗanta yake fitowa daga wannan ciniki ba ta buƙatar wani ya zo daga birni ya yi mata lacca a kan darajar giwa.

Manomi ne yake da ƙorafin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a hotunan da ake yaɗawa. Garken giwa yana iya share gonar shekara a dare ɗaya, kuma giwar da ta tashi a hannun mutane ba ta jin tsoronsu kamar ta daji. Cibiyar da ta saki dabba ta juya baya ta ɗora wa talaka nauyin tausayin wasu. Akwai dabaru da aka gwada. A ƙauyen Sagalla da ke kusa da Tsavo, mai bincike Lucy King da manoman wurin sun kewaye gonaki da amya da aka sarƙafe da waya, in giwa ta taɓa wayar amyar ta girgiza, ƙudan zuma su fito, ita kuwa tana tsoronsu saboda suna harbin cikin hanci da gefen ido. Shingen yana mayar da mafi yawan giwayen da suka tunkaro, manomi kuma ya samu zuma ya sayar. Bai hana duka ba, kuma a shekarar fari zumar kan gudu ta bar amya fayau. Inda dabara ta gaza, diyya ce ta rage, a biya ta da wuri kuma a biya ta cikakkiya. Kasafin cibiyar ceto da babu layin diyya a cikinsa bai cika ba.

Duk nasarar Sheldrick tana tsaye ne a kan abu guda da ba a saye da kuɗin masu ba da taimako, wato Tsavo, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 22,000 da dubban giwayen daji da za su karɓi maraya. Yankari ta jihar Bauchi, wadda take da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Najeriya, tsakanin 100 da 150, kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta wannan faɗi, kuma gonaki da garuruwa sun kewaye ta. A garke ƙarami irin wannan kowace mace guda tana da nauyi a lissafi, kamar yadda ya kasance ga raƙuman dawan Kure a Nijar, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin kariya da haɗin kan ƙauyuka su mayar da su sama da 600. Ba a gina wa raƙuman nan gidan reno ba, filinsu da itatuwansu aka tsare, aka sa mutanen ƙauye suka ga riba. Idan wata gwamnatin jiha a Arewa ta tashi gina cibiyar ceto, kuma akwai buƙatarta ko don jami'in da ya ƙwace dabba ya samu inda zai kai ta, kafin a aza tubali a nuna wa jama'a dajin da za a saki dabbobin, da masu gadinsa da albashinsu na kan kari, da likitan dabbobin da zai kwana a wurin, da asusun da za a biya manomin Alkaleri da ke gefen Yankari in giwa ta shiga masa dawa.